Jan fasfo a hannu, amma ƙofa sai da sharaɗi: yadda ɗan Japan ke shirin fita waje ba biza

Duk wanda ya taɓa tsayawa layin neman biza, ya tara takardun banki, ya yi ta jiran kira makonni, idan ya ji an ce fasfon Japan na buɗe ƙofar ƙasashe kusan 190, sai ya ɗauka mutanen nan ɗaure kaya kawai suke yi su kama hanya. Daga 2018 har zuwa tsakiyar 2023 fasfon ne ke zaune a saman jerin ƙarfin fasfo na duniya da kamfanin Henley ke fitarwa, kuma har yau bai sauko daga sahun gaba ba. Abin mamaki, masu riƙe da shi a cikin 'yan ƙasar ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba. Mai nama na neman wuta, mai wuta na neman nama.

Amma wannan adadi na 190 yana da ruɗi. An cusa masa ƙasashen da ake sayen biza a filin jirginsu, an cusa masa waɗanda sai ka nemi izini ta intanet kafin ma a bar ka ka hau jirgi. A 'yan shekarun nan wahalar ba ta ɓace ba, wuri ta sauya: ta bar ofishin jakadanci ta koma cikin waya da teburin kamfanin jirgi. Na rubuta wannan jagora ne don wanda aikin nan zai faɗo masa a hannu: Bahaushen da ya yi aure a Japan zai fita da iyalinsa, ma'aikacin kamfanin shirya tafiye-tafiye, da wanda ke dakon baƙo daga Tokiyo ko Osaka. Kuɗaɗe da yawan kwanakin da na ambata suna canzawa, don haka a tabbatar da su a shafin gwamnatin ƙasar da za a je kafin a biya kuɗin tikiti.

Mataki na farko: a buɗe fasfon a duba shi, ba a taɓa bangonsa kawai ba

Fasfon gama-gari a Japan iri biyu ne: ja mai shekara goma, wanda sai mai shekara 18 zuwa sama ake ba shi, da shuɗi mai duhu na shekara biyar, wanda shi kaɗai yara ke samu. Abin da za a fara dubawa shi ne ranar ƙarewarsa, amma kada a auna ta da ranar tashi. Singafo, Tailan, Malesiya, Indunusiya da Biyetnam suna so ya rage aƙalla wata shida ranar da ka shiga. Ƙasashen Turai na yankin Schengen suna so ya rage wata uku bayan ranar da za ka fita. Fasfon da ya rage masa wata huɗu lafiyarsa ƙalau a idon gwamnatin Japan, amma ba zai kai mai shi Bali ba.

Ana iya sabunta shi da zarar abin da ya rage bai kai shekara guda ba. Tun Maris na 2023 ana neman sa ta intanet, kuma a wannan lokacin ne aka daina ƙara wa tsohon fasfo shafuka: in ya cika, sai dai sabo. Daga 24 ga Maris na 2025 aka koma buga shi a maɗaba'ar gwamnati guda ɗaya, da shafin roba mai ɗauke da hoto, saboda haka jiran ya ƙaru zuwa kimanin mako biyu a cikin gida, a waje kuwa yana iya kai wata. Wanda ya bar abin sai gab da hutun ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, ko hutun Obon na tsakiyar Agusta, lokacin da jama'a ke tururuwar fita, to ya manta ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar suna, wadda ta fi kama mutane fiye da yadda ake zato. Sunayen Japanawa ana mayar da su haruffan boko ne bisa wani tsari, kuma dogon wasali yakan jawo rubutu biyu: mutum guda yana iya zama Ono a fasfo, shi kuma ya saba rubuta Ohno. Tikiti sai ya bi fasfo harafi da harafi. Amarya da ta koma sunan gidan miji a rajistar iyali amma ba ta sauya fasfo ba, da tsohon sunanta za a yanka mata tikiti. In kuma an sa mata sunan gidansu a cikin alamar baka ( ) kusa da sabon suna, wannan na ido ne kawai, ba ya cikin abin da na'ura ke karantawa, don haka kada a yanka tikiti da shi.

Mataki na biyu: a gane wace irin ƙofa ce

Kafin komai a tambayi kai: ƙasar nan, shiga ake yi da fasfo zalla, ko sai da izinin intanet, ko biza ake saye a bakin ƙofa, ko kuwa cikakkiyar biza ce daga ofishin jakadanci? Kuma tambayar ba ta tsaya ga inda za a sauka ba. Har ƙasar da za a canja jirgi a cikinta sai an sa ta a lissafi.

A ɗauka wata malama ce daga Nagoya za ta ziyarci ƙawarta a Peru. Ta duba, Peru ba ta neman biza daga 'yan Japan, hankalinta ya kwanta. Ta iso teburin awo a filin jirgin Haneda na Tokiyo, ta miƙa fasfo, ma'aikaciyar ta danna kwamfuta, ta ɗago ta tambaye ta izinin shiga Amurka. Ta ce ai ba Amurka za ta ba, awa uku kawai za ta yi a Los Angeles. To a Amurka babu ɗakin 'yan wucewa. Duk wanda jirginsa ya sauka sai ya bi ta gaban jami'in shige da fice. Ba izini, ba takardar hawa jirgi. Nan za ta tsaya da akwatinta tana cike fom a waya, tana addu'ar amsa ta fito kafin a rufe tebur.

Mataki na uku: Amurka, inda tarko ya fi yawa

Japan na cikin tsarin yafe biza na Amurka tun 1988, tana cikin na farko-farko da aka sa. Tsarin ya ba da kwana 90 don yawon buɗe ido, gajeriyar harkar kasuwanci ko wucewa. Tun 2009 sai an nemi izinin da ake kira ESTA. Yana aiki shekara biyu, ko zuwa ranar da fasfo ya ƙare in ita ta riga zuwa. Sabon fasfo, sabon ESTA, domin lambar ta canza. Kuɗinsa dala 21 ne a da, ya koma 40 daga ƙarshen Satumbar 2025. Hukuma na ba da shawarar a nema aƙalla awa 72 kafin tashi.

A nema a shafin gwamnatin Amurka ko manhajarta. Idan aka rubuta ESTA da Japananci a injin bincike, shafukan 'yan tsakiya ne ke yin sahun gaba, sun yi ado da tuta da hatimi kamar na hukuma, su karɓi ninkin-ba-ninkin kuɗin a kan aikin minti ashirin. Haka abin yake ga izinin Kanada da na Birtaniya.

Ga wurin da ya kamata mutanenmu su nutsu. Wanda ya taka Iran, Iraƙi, Libiya, Koriya ta Arewa, Somaliya, Sudan, Siriya ko Yaman daga 1 ga Maris na 2011 zuwa yau, ko Kyuba daga 12 ga Janairun 2021, ya fita daga tsarin, ko da jan fasfo ne a hannunsa. Ma'aikacin agaji ɗan Japan da ya yi aiki a Khartum, ko matar da ta raka mijinta gaishe da dangi a Sudan, sai su nemi cikakkiyar biza, da ganawa ido da ido a ofishin jakadancin Amurka. Akwai 'yan keɓe-keɓe ga ma'aikatan gwamnati da makamantansu, amma kada a dogara da su. Kuma kada a ce tunda an sauya fasfo babu wanda zai sani. Ƙarya a wannan fom laifi ne da kan rufe wa mutum ƙofar ƙasar gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe: tsallakawa Kanada ko Meziko a dawo ba ya sabunta kwana 90 ɗin. Agogon na ci gaba da tafiya.

Mataki na huɗu: sauran masu neman izinin intanet

Kanada na neman eTA daga mai shigowa ta jirgin sama, dalar Kanada 7, shekara biyar, kuma zaman yakan kai wata shida. Ita ma mai wucewa sai da shi. Birtaniya ta fara neman nata ETA daga 'yan Japan ranar 8 ga Janairun 2025, a kan fam 10, kafin ya koma 16 a Afrilun shekarar. Yana aiki shekara biyu, kowace ziyara har wata shida. Tsofaffin matafiya da suka saba faɗawa Landan da fasfo zalla su ne suka fi mantawa da shi.

Ostareliya ta manhajar waya ake neman nata, a ɗauki hoton fasfo da na fuska, a biya dalar ƙasar 20. Shekara guda yake yi, kowace shiga wata uku. Niyu Zilan ta kawo NZeTA a Oktoban 2019, kuma tare da shi ake biyan harajin baƙi, wanda ya tashi daga dalar ƙasar 35 zuwa 100 a Oktoban 2024.

Mataki na biyar: Turai, a ɗauko kalanda da biro

A nan ba fom ne matsala ba, lissafi ne. Yankin Schengen ƙasashe 29 ne da suka cire shingen da ke tsakaninsu, har da Bulgeriya da Romaniya da suka gama shiga a farkon 2025. Ɗan Japan na da kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma na yankin ne gaba ɗaya, ba na kowace ƙasa ba. Faransa, Jamus, Italiya da Sifaniya duk daga tulu ɗaya ake ɗiba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka fita da dawowa na wanke allo. Ba ya wankewa. A kowace rana da kake ciki, ana waiwayawa baya kwana 180 a ƙirga nawa ka yi a yankin. Ranar shiga kwana ce, ranar fita ma kwana ce, ko da ƙarfe goma sha ɗaya na dare jirgi ya sauka.

Ga misali. Ɗaliba ta sauka Paris ranar 1 ga Maris, ta fita 29 ga Afrilu. Kwana 60 ke nan. Ta koma gida, ta sake shigowa ta Roma ranar 1 ga Yuni. Abin da ya rage mata kwana 30 ne, wato 30 ga Yuni dole ta kasance ta fita. Kwanakinta na Maris ba za su fara zubewa daga lissafi ba sai ƙarshen Agusta, kuma ɗaya bayan ɗaya za su riƙa zubewa. Idan ta tsallaka Birtaniya ko Ailan a tsakani, kwanakin can ba sa cikin lissafi, domin ba sa cikin yankin, amma ba sa mayar mata da abin da ta riga ta ci.

A da, jami'i ne ke bin tambarin da ke cikin fasfo yana ƙirgawa da ido, wani lokaci ya ƙyale. Daga 12 ga Oktoban 2025 aka fara tsarin EES, mai ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu ya ajiye ranar shiga da ta fita a kwamfuta. Na'ura ba ta gajiya kuma ba ta jin kunya. Wanda ya zarce da kwana biyu, za a gani. Akwai kuma izinin intanet na Turai mai suna ETIAS da aka sha ɗage ranar fara shi, don haka mai shirin tafiya ya duba ko ya fara aiki.

Mataki na shida: maƙwabta na Asiya da katin isowa

A nan ne 'yan Japan suka fi zuwa, kuma a nan ne dokoki suka fi saurin juyawa. Koriya ta Kudu da Taiwan kwana 90 ne. Koriya na da izinin intanet mai suna K-ETA, amma tun Afrilun 2023 ta ɗage wa 'yan Japan shi na wucin gadi, tana ta tsawaitawa. Kalmar "wucin gadi" ita ce abin lura. Biyetnam kwana 45 ne tun Agustan 2023, Filifin 30, Malesiya wata uku. Tailan ta ɗaga nata zuwa kwana 60 a Yulin 2024. Indunusiya kuwa biza ce ta bakin ƙofa, rupiya 500,000 na kwana 30, sannan tsibirin Bali na karɓar nasa harajin baƙi na rupiya 150,000 tun Fabrairun 2024.

Ƙasar Sin darasi ce a kan cewa yafe biza kyauta ce, ba gado ba. Kafin annobar korona 'yan Japan na shiga kwana 15 ba biza. A Maris na 2020 aka dakatar, kuma bayan annobar ta lafa ba a mayar ba, aka bar 'yan kasuwa suna layi a cibiyoyin biza. Sai 30 ga Nuwamban 2024 aka dawo da shi, da kwana 30, amma da wa'adi. Dangantakar ƙasashen biyu kuwa yau fari gobe tsumma. Wanda zai sauka gidan aboki maimakon otal, ya tuna doka ta ce a yi rajista da 'yan sanda cikin awa 24.

Farar takardar nan da ake rabawa a cikin jirgi a cike da biro tana ƙarewa. Singafo, Malesiya, Filifin, Tailan daga Mayun 2025, da Taiwan duk sun koma katin isowa na intanet. Yawanci cikin kwana uku kafin sauka ake cike shi, kuma kyauta ne. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa, ba na gwamnati ba ne. A ɗauki hoton lambar da aka bayar a ajiye a waya, domin intanet ɗin filin jirgi ba abin dogaro ba ne lokacin da jirage uku suka sauka tare.

Mataki na bakwai: in tafiyar ta nufo Afirka

A nan jan fasfon ke rage ƙarfi. Maroko, Tunisiya, Sanagal da Afirka ta Kudu suna karɓar ɗan Japan kwana 90 ba biza. Kenya na neman izinin intanet tun Janairun 2024. Masar ana samun bizarta a filin jirgi ko ta intanet. Amma Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi duk sai da biza. Najeriya ta mayar da bizar gajeriyar ziyara kan intanet a Mayun 2025. Wanda ke gayyatar baƙo, ko suruka ce za ta zo ganin jika a Kano, ya shirya wasiƙar gayyata mai ɗauke da adireshi da lambar waya tun da wuri, ya kuma tabbata zai ɗaga wayar ranar da baƙon ya sauka.

Sai katin allurar shawara, ruwan ɗorawar nan. Ƙasashen Yammacin Afirka da dama ba sa barin baƙo ya wuce sai da shi. Ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, amma tun 2016 ya zama na har abada, ba a sabunta shi. A Japan ba kowane asibiti ke yin ta ba, sai tashoshin killace cututtuka da wasu cibiyoyi ƙalilan, kuma sai an kama layi tun da wuri. Japanawa ba baƙin labarin cutar nan ba ne: likitansu Noguchi Hideyo, wanda hotonsa ke kan tsohuwar takardar yen 1,000, ita ce ta yi ajalinsa a Accra a 1928 yana tsakiyar bincike a kanta, kuma cibiyar binciken lafiya ta Jami'ar Ghana da ke Legon sunansa take ɗauke da shi. A kuma lura, wasu ƙasashen da ba su da cutar suna tambayar katin idan an biyo ta inda take.

Ma'aikatar harkokin wajen Japan na raba gargaɗin tafiya mataki huɗu, daga "a yi hattara" zuwa "a fice". Arewa maso gabashin Najeriya da sassan Sahel sun daɗe a matakan sama. Gargaɗin ba haramci ba ne a kan kansa, amma kamfanoni da jami'o'i da shi suke aiki, shi ya sa baƙo kan yarda ya zo Abuja ya ƙi ƙarasawa gaba. Ba raini ba ne, hannunsa a ɗaure yake. Kuma gwamnati na da ikon karɓe fasfo: ta yi haka a 2015 ga wani mai ɗaukar hoto da ya ɗaura niyyar zuwa Siriya.

Mataki na takwas: minti biyu a gaban jami'i

Izinin intanet izinin hawa jirgi ne. Mai cewa a shiga shi ne jami'in da ke zaune a bakin ƙofa, kuma yana iya cewa a'a. Tambayoyinsa ba su da yawa: me ya kawo ka, kwana nawa, ina za ka sauka, ina tikitin komawa, da me za ka ci abinci. A riƙe tikitin komawa da shaidar masauki a takarda, ba a waya kaɗai ba. Mai tikitin zuwa kawai, sau da yawa tun a filin jirgin Narita na Japan kamfanin jirgi zai tare shi, domin in aka dawo da fasinja kamfanin ne ke ɗaukar asara.

Yafe biza bai halatta aiki ba, kuma "aiki" a bakin jami'i ya fi faɗi fiye da yadda matafiyi ke zato. Taya aboki tsaron shago, rainon yara a madadin ɗaki da abinci, waƙa a wurin da ake sayar da tikiti, duk suna iya shiga ciki. A 2023 kafafen labaran Japan sun yi ta kawo rahoton 'yan mata masu tafiya su kaɗai da aka juyo da su daga Hawayi bisa zargin aiki suka je yi. Wanda aka taɓa juyowa daga Amurka, da wuya ya sake samun ESTA. Amsa gajera, gaskiya, wadda ta dace da abin da ke cikin jaka, ita ce ke wucewa da mutum. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi tafinta, ya fi ya yi ta gyaɗa kai yana cewa "eh" ga tambayar da bai fahimta ba.

Mataki na tara: abin da ke cikin akwati

Ɗan Japan ba ya tafiya ba tsaraba, kuma tsarabar ce kan jawo masa tsaiko. Taliyar cikin kofi da dunƙulen miyar kori da yake ɗauka don kewar gida yawanci akwai romon nama a cikinsu, Amurka kuwa ta hana shigo da kayan nama irin wannan. Ostareliya da Niyu Zilan sun fi kowa tsanani a kan abinci, iri, da ƙasar da ta manne a takalmi. A Niyu Zilan tuffa guda da aka manta a jaka na jawo tarar dalar ƙasar 400 nan take. Taiwan na cin tara mai nauyi a kan naman alade. Dabarar ɗaya ce: a bayyana. Abin da aka bayyana, iyakarsa a karɓe. Wanda aka ɓoye aka gano, shi ne mai tara.

Sigarin lantarki da taba mai ɗumamawa, waɗanda suka cika titunan Tokiyo, haramun ne a Singafo da Tailan. Maganin barci mai sinadarin flunitrazepam, wanda likitoci ke rubutawa a Japan, an hana shiga da shi Amurka. Mai shan magani kullum ya karɓi takardar likita da Turanci, ya bar maganin a kwalinsa. Tsabar kuɗi kuma: fiye da yen miliyan ɗaya sai an bayyana wa kwastan na Japan, fiye da dala 10,000 a Amurka, yuro 10,000 zuwa sama a Tarayyar Turai.

Mataki na goma: gida ɗaya, fasfo kala biyu

Wannan na 'yan'uwanmu ne mazauna can. Katin zama a Japan, ko da na dindindin ne, ba ya mayar da koren fasfo ja. Uwargida da yara za su wuce Seoul ko Paris ba biza, maigida kuwa sai ya nemi tasa bisa fasfon ƙasarsa, kuma shi ne zai fara nema tun watanni kafin tafiya. A duba har ƙasar da za a canja jirgi, domin wasu na neman bizar wucewa daga ɗan Najeriya ba sa nema daga ɗan Japan.

Wajen fita, baƙo mazaunin Japan da zai dawo cikin shekara guda ya nuna katin zamansa, ya sa alama a gurbin da ke cewa zai dawo a takardar fita. Wannan izini ba a tsawaita shi daga waje. Wanda ya zarce shekara, ko wa'adin zamansa ya ƙare yana can, matsayinsa ya faɗi.

Yaron da aka haifa a wajen Japan yana ɗan ƙasa biyu, wajibi ne a kai rahoton haihuwarsa tare da bayanin riƙe masa zama ɗan Japan cikin wata uku, in ba haka ba ya rasa. Idan kuma uba ko uwa ɗaya ne zai fita da yaro, a riƙe takardar amincewar ɗayan. Japan ta shiga yarjejeniyar Hague kan ɗauke yara zuwa ƙetare a Afrilun 2014, kuma jami'an iyaka a Kanada, Amurka da Turai kan tambaya, musamman in sunan yaro da na babban bai zo ɗaya ba.

Mataki na ƙarshe: rajista, ɓatan fasfo da dawowa

Mai gajeriyar tafiya ya yi rajista a Tabi-Reji, shafin rajistar matafiya na ma'aikatar harkokin wajen Japan. Kyauta ne, kuma ta nan ofishin jakadanci ke aiko da saƙo in wani abu ya tashi. Wanda zai zauna wata uku ko fiye, doka ta wajabta masa kai sanarwar zama ga ofishin jakadancin da ke yankin. Inshorar tafiya ma a saye ta, domin katin lafiyar Japan ba ya biyan asibitin waje kai tsaye.

In fasfo ya ɓata, a fara da 'yan sandan wurin a karɓi rahoto, sannan ofishin jakadanci. Za su nemi hotuna da shaidar rajistar iyali, wadda ake kira koseki, don haka a tafi da kwafinta da kwafin shafin hoton fasfo a wata jaka daban. Mai gaggawa ana ba shi takardar komawa gida, wadda aikinta ke nan kawai, ba a ci gaba da yawo da ita. Fasfon da aka kai rahoton ɓatansa ya mutu, ko da an tsince shi washegari a ƙarƙashin katifa.

A hanyar dawowa a cike bayanin kwastan a shafin Visit Japan Web tun kafin a hau jirgi. Nama da abin da aka sarrafa daga nama ba sa shiga Japan sai da takardar binciken hukumar ƙasar da suka fito, kuma tun 2020 aka tsananta hukuncin zuwa tarar da ke kai yen miliyan uku ko ɗaurin shekara uku. Karnuka masu sansana kaya na zagaye wurin ɗaukar akwati a Narita da Haneda da Kansai. Surukar da aka cika wa jaka da kilishi a Kano, a gaya mata ta cinye shi kafin jirgi ya sauka.